Bitamin D Ba Ya Hana Fuka Tashi Wa Yara

Duk gidan da ke da yaro mai ciwon fuka, watau asma, an san abin da ake kira dogon dare. Ƙirji na kuka kamar usur, numfashi na fita da ƙyar, uwa na riƙe da yaro a zaune har asuba. Don haka ba a ga laifin iyaye a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan ba, idan suka ji an ce akwai wata ƙwaya a kemis mai suna bitamin D da ke rage tashin ciwon, suka garzaya saye.

Maganar kuwa tana da tushe. Likitoci sun daɗe da lura cewa yara masu fuka waɗanda bitamin D ya yi ƙaranci a jininsu sun fi shan wahala. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitoci ta auna su, ta ce da alama bitamin ɗin yana rage mugun tashin ciwon. Amma yawancin shaidar daga manya aka samo ta.

To, sai aka gwada a kan yara. A Amurka an ɗauki yara 192 masu fuka, 'yan shekara 6 zuwa 16, dukkansu masu ƙarancin bitamin D. An tsara a ba rabinsu awo 4,000 kullum har mako 48, sauran rabin kuma a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta. Tun kafin a kai ƙarshe aka tsai da gwajin, domin an ga ba bambanci, aka kuma buga sakamakon a 2020. A 2023 Cochrane ta sake zama a kan gwaje-gwaje 20 da suka ƙunshi yara fiye da 1,100, ta ce bitamin D bai rage tashin fuka ba.

Ina dalilin abin da likitoci suka gani da farko? Fatar mutum ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta. Yaron da ciwo ya matsa wa ba ya fita wasa, saboda haka mai yiwuwa ne fukar ce ta jawo ƙarancin, ba ƙarancin ne ya jawo fukar ba.

Bitamin D yana da amfaninsa wajen ƙarfin ƙashi, kuma likita kan rubuta shi idan gwajin jini ya nuna ƙaranci. Ko a nan ma sai an bi a hankali: binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yara masu lanƙwashewar ƙafa sun fi warkewa da sinadarin kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. In kuma aka cika wa yaro shi, yakan sa amai da ƙishirwa, har ya taɓa ƙoda.

Babban haɗarin shi ne uba ya kashe kuɗinsa a kan ƙwayar nan, ya bar abin shaƙa. Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, irin su Ventolin, akwai kuma na rigakafi da ake shaƙa kullum ko da yaro lafiyarsa lau, wanda shi ne ke rage kumburin hanyar iska. Na biyun ne aka fi yin watsi da shi, da zarar an ga sauƙi.

Zaman Kudu kuma da nasa abubuwan da ke ta da ciwon: hayaƙin janareto a tsakar gida, risho da maganin sauro na ƙonawa a ɗaki ɗaya da ake kwana, kyankyasai, da bangon da laimar damina ta sa ya yi funfuna. Yaron da aka kai gida hutu lokacin hunturu, ƙura na jiransa, kada a manta da maganinsa a jaka. Idan har ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya sake launi, asibiti za a nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.