Yadda Lissafi Ke Rage Kuɗin Gwajin Matafiya

A watan Satumba na 2020, da ɗan kasuwa daga Kafin Hausa zai sauka a filin jirgin sama na Kotoka da ke Ghana, sai ya biya dala 150 kafin a gwada shi ko yana ɗauke da cutar korona. Abin mamaki, gwajin gaggawa ake yi a can, wanda shi ne mafi araha. A Janairun 2021 shugabannin ECOWAS suka ƙayyade cewa kada kuɗin gwajin PCR ya wuce dala 50 a yankin.

Shi PCR tsadarsa tana da dalili. Na'ura ce ke ɗumama samfurin majina tana sanyaya shi har kusan sau 40, kowane zagaye kuma sinadarin gadon ƙwayar cutar yana ninkuwa biyu, har ya isa a gano shi. Kayan haɗin daga waje ake sayo su, kuma sai an adana su cikin sanyi.

To, ina mafita? A 1943 wani Ba'amurke, Robert Dorfman, ya kawo dabarar gwamutsa samfura. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami: fasinjoji 100, a kasa su goma-goma, gwaji 10 ke nan. Idan mutum ɗaya ne ke da cutar, kashi ɗaya kaɗai zai nuna, sai a sake gwada mutanensa goma ɗaya bayan ɗaya. Gwaji 20 maimakon 100.

Amma fa idan masu cutar suna da yawa, kusan kowane kashi zai nuna, ribar kuwa ta tafi.