Idan Gwamnati Ta Yi Jinkirin Biyan Bashi



Ɗan kwangila ya ci bashin banki ya gina ajujuwa, an duba aiki an sa hannu, sai takardarsa ta kwanta a ofis shekara biyu. Ranar da aka waiwaye shi, uwar kuɗin kawai za a miƙa masa, alhali banki bai daina lissafi ba, siminti ya yi tsada, leburori sun gaji da sallama a ƙofar gidansa. Ni a ganina, gwamnati ta ranci dukiyar bawan Allahn nan ne ba da yardarsa ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, doka ba ta bar shi haka ba. A Nijeriya, sashe na 37 na dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ya ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya da tantance aiki, jinkiri ne, kuma dole a ɗora masa ƙarin da aka rubuta a yarjejeniya. Tarayyar Turai ta fi tsanantawa. Dokarta ta 2011 ta ba hukumomi kwana 30, in sun wuce su biya kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aunin ruwan Babban Bankin Turai, da diyyar aƙalla Yuro 40. A Janairun 2020 kotun Tarayyar ta sami Italiya da laifin saɓa wa'adin.

Na san wani zai ce, to ai riba ke nan. Tambaya ce mai nauyi, kuma malaman fiƙihu na zamani sun yi saɓani kan diyyar cutarwar da jinkiri ya jawo. Amma ba su yi saɓani kan jinkirin kansa ba, domin hadisi ingantacce ya kira taurin bashin mai hali zalunci. Wa ya kai gwamnati hali?

Ɗan uwa mai aikin kwangila, kafin ka sa hannu ka duba ko an rubuta sharaɗin jinkiri, in aikin jiha ne ka nemi dokar jiharku. Ranar miƙa takarda kuma, kada ka bar ofishin sai an buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka.