Ramin Tassa: Yadda Fako Ya Yi Daraja a Ƙasar Illela

A shekarar 1989, manoma 13 daga yankin Illela na jihar Tawa suka kama hanya zuwa Yatenga a arewacin Burkina Faso. Wani shiri na Asusun Raya Aikin Gona na Duniya, wanda mutanen Nijar suka sani da FIDA, shi ya ɗauki nauyin tafiyar. Ba a kai su ɗakin taro ba. An kai su gonakin manoma irinsu, masu fama da irin ƙasarsu da irin farinsu, aka ce su duba da idonsu.

Halin da suka baro a gida ba mai daɗi ba ne. Bayan farin 1973 da na 1984, tuddan Adar, ƙasar da Illela take ciki, da yawa sun zama fako. Ƙasa ta daskare, in an yi ruwa sai ya bi ta kai ya wuce, ya zube cikin kwazazzabai ya tafi da ɗan taushin da ya rage. Daga Tajaye har Badagishiri, da an gama girbi sai samari su fita ci-rani, domin abin da ke cikin rumbu ba ya kai gida wata damina. Tun shekarun 1960 an sha kawo manyan injuna a ƙasar Adar ana tayar da shingayen ƙasa don tare ruwa. Da masu aikin sun kwashe kayansu, sai shingayen su zube, saboda manomi bai ɗauke su nasa ba, kuma ba shi da ƙarfin gyara abin da inji ya gina.

Shi ma shirin FIDA da aka fara a 1988 ya zo da tsarinsa a rubuce, wanda ya dogara ga shingaye da haƙar ramuka masu siffar rabin wata. Amma abin da ya ɗauki hankalin manoman nan a Yatenga daban ne. Sun ga mutanen can, inda manomi Yakuba Sawadogo ya yi suna da wannan aikin, sun ɗauki ramin shuka na gargajiya da suke kira zai, sun faɗaɗa shi, sun zurfafa shi, suna zuba masa taki. Adarawa ma suna da ɗan ramin da suke kira tassa tun kaka da kakanni. Abin da suka gani nasu ne, an dai yi masa kwaskwarima.

Ga yadda aikin yake. Da rani, lokacin da ba aikin gona, mutum zai sari fako da diga ko hauya, ya haƙa rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya ko fiye, zurfinsa ya kusa haka. Ƙasar da ya fitar sai ya tara ta a gefen gangare, don ruwan da ya gangaro ya tsaya cikin ramin. Sai ya jefa taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Kafin ruwa ya sauka, iska ta watso ganye da rairayi ciki, gara kuma ta biyo takin ta huda ƙasa da ƙananan hanyoyi. Ranar da aka yi ruwan shuka, ruwa zai bi hanyoyin garar ya nutse ƙasa, damshi ya daɗe a gindin hatsi. Hekta ɗaya kan ci ramuka wajen dubu goma. Aiki ne mai karya ƙugu, amma duk kayan da yake buƙata akwai su a gidan talaka.

Da suka dawo, ba su cika gari da surutu ba. An gwada a hekta 4 kacal a 1989. A 1990 aka kai hekta 70, kuma Allah Ya kawo shekarar da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa suka ƙone, amma inda aka yi tassa an samu abin kai wa rumbu. Mai wucewa kan jakinsa ya ga gero tsaye a wurin da ya sani ko ciyawa ba ta fitowa. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, ƙauye ya kwaikwayi ƙauye.

A nan ne shugabannin shirin suka yi abin da ya cancanci yabo. Ba su kafe kan takardar da suka zo da ita ba. Da suka ga inda zuciyar manoma ta karkata, sai suka juya akalar aikin zuwa can, suka ƙarfafa ziyara tsakanin ƙauyuka da koyarwar manomi ga manomi. Zuwa 1995 an farfaɗo da kimanin hekta 3,800 da tassa. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna cewa gonar tassa na ba da kilo 513 a hekta bisa matsakaicin lissafi, gonar da ba a taɓa ba kuwa kilo 125.

Abin mamakin ya zo ne ta fuskar kasuwa. Fakon da a da ko kyauta aka ba mutum ba ya godiya, sai ga shi ana ciniki a kansa. Manoma da 'yan kasuwa suka shiga sayen matacciyar ƙasa don su raya ta, farashinta ya yi ta hawa. Samari suka ƙware a haƙar tassa, ana ɗaukarsu ƙwadago da rani, wasu suka sami abin yi a gida maimakon tafiya nesa. Taki ya zama abin tattali. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe lambunan kayan miya a wurin da a da ruwan sha ma wahala yake.

A yau Jami'ar Stanford ta Amurka da manyan kamfanoni suna koyar da wata hanyar ƙirƙira a matsayin darasi na musamman: ka fara zama da mai matsalar ka fahimce shi, ka gane ainihin abin da ke damunsa, ka nemo dabaru, ka gwada ƙarami mai araha, sannan ka gyara bisa abin da gwajin ya nuna. Duk waɗannan matakan an bi su a ƙasar Illela, da hauya da taki. Matsalar da aka gano ita ce manomi na son dabarar da zai iya yi da hannunsa, ya ga amfaninta a damina ɗaya. Gwajin hekta 4 ne, wanda ko ya lalace ba wanda zai talauce. Hukunci kuma na manomi ne, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Ina ganin wannan labarin ya shafi duk mai riƙe da wata harka a wannan yanki, ko mai sayen albasa a Galmi, ko shugabar ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, ko matashin da ke shirin buɗe shago a Ƙonni. Kafin ka zuba jarinka duka, je ka zauna da wanda zai yi amfani da abin, ka ba shi kaɗan ya gwada, ka lura da abin da ya ɗauka da wanda ya ajiye. In ka ga ya fara kashe kuɗinsa da guminsa a kai ba tare da ka roƙe shi ba, to ka samu abin da za ka faɗaɗa.