Yadda Ake Kama E9 a Jita, da Inda Masu Koyo Ke Kuskure

Duk wanda ya taɓa jin kiɗan James Brown ya san wannan sautin jitar mai kaifi, kamar kaza na tonon ƙasa. Jimmy Nolen ne ya yi fice da shi, tun daga waƙar Papa's Got a Brand New Bag ta 1965. Shi James Brown ɗin ya zo Legas a 1970, makaɗan garin nan kuwa sun buɗe kunne. Kod ɗin da ke bayan sautin shi ne wanda ake rubutawa da harafi da lamba 9, kamar E9 ko C9.

Kod dai sautuka ne da ake bugawa tare. C9 biyar gare shi: C, E, G, B-fulat da D. Ƙirga daga C: D ce ta biyu, ka zagayo C ta sama a takwas, D ta gaba ita ce ta tara. Sunan kenan.

To ga inda ake faɗawa rami. Yaro zai ga Cadd9 a YouTube ya ɗauka duk ɗaya ne. Ina! Cadd9 babu B-fulat a ciki, shi ya sa yake fita lami, kamar miya ba yaji. B-fulat ɗin da E su ne ba sa jituwa, rigimarsu ce ke sa kunne ya matsu a koma kod ɗin F. Masu fonk kuwa da gangan suke ƙin komawa, su zauna a kansa minti biyar.

Kamun E9: yatsan tsakiya a tsirkiya ta biyar, gaɓa ta 7. Manuniya a tsirkiya ta huɗu, gaɓa ta 6. Sai ka kwantar da yatsan zobe ya danne sirara ukun ƙasa a gaɓa ta 7. Mai kaurin can ta sama kar ta yi ƙara, ka taɓa ta da babban yatsa.

Yatsan zoben nan ne wahalar, wallahi. Makon farko sai ya yi tsami, tsirkiya ɗaya ta riƙa zuzu. Matsar da shi dab da ƙarfen gaɓar, ba ƙarfi za ka ƙara ba.

Hannun dama kuma kar ya tsaya, sama da ƙasa. Danna, ka saki kaɗan ba tare da ɗaga yatsu ba, tonon kazar zai fito. Ja kamun nan zuwa gaɓa ta 5 ka samu D9, ta 3 kuma C9.