Yawon Arba'in Cikin Ɗari

Ya kai maigida, in wannan takarda ta zo hannunka, kada ka karanta kai kaɗai ka ninke. Ka tara matan gidanka, har da kakar yara, ka karanta musu a fili, gama maganar tasu ce, amma rabin aikin naka ne.

Kowa ya sani in kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai ƙafa ta sami sake. Lokacin ne ake bukukuwa, ana cin kasuwanni, ana ziyarar dangi. Mai jego kuma in ta cika kwana arba'in, sai ta yi kitso da lalle, ta goya jaririnta, ta shiga yawon arba'in don 'yan'uwa su gan shi su sa masa albarka. Wannan al'ada ce mai kyau, zumunci a ƙafa yake. Amma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busawa, yana kwaso sanyi da ƙura daga hamada. Sanyin da babba zai ji ya ce, "Kai, yau ana ɗari," shi ne yakan yi ajalin jariri.

Abin da na gani da idona

Wata ranar kasuwa cikin watan Janairu aka kawo mini wani yaro a dispensa, bai daɗe da yin arba'in ba. Tun assalatu aka taso da shi a kan babur za a kai shi gidan kakanninsa. Zane ɗaya aka goya shi da shi, kansa a waje, ƙafafunsa suna reto cikin iska. Da suka iso ya ƙi kama nono, ko kuka ba ya yi. Uwar tana tsammanin barci ne. Na sa masa ma'aunin zafin jiki, na ga digiri 35, alhali kuwa na jariri mai lafiya tsakanin 36.5 ne da 37.5. Muka kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, muka lulluɓe su, sa'an nan muka tura su babban asibiti. Allah ya sa yana da sauran kwana. Uban kuwa yana tsaye da ƙatuwar rigar sanyi, ya naɗe kunnuwansa da rawani. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne.

Dalilin da jariri ba ya jure sanyi

Jikin jariri ƙarami ne, kitsensa kaɗan ne, kansa kuwa babba ne bisa ga sauran jikinsa. Saboda haka ɗumi yakan fice masa da sauri, musamman ta kai. Kai in ka ji sanyi sai ka yi makyarkyata, ka matsa kusa da wuta. Shi ba ya iya ko ɗaya. Ƙarfin da zai yi girma da shi sai ya ƙare wajen ɗumama jiki, ya kasa tsotso, ƙwayoyin cuta kuma su sami hanya. Bakwaini, da wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, da tagwaye, su suka fi shiga hatsari.

Ga yadda za a gane. Uwa ta taɓa tafin ƙafarsa da cikinsa da bayan hannunta. In duka da ɗumi, lafiya lau. In ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, ɗari ya fara kama shi. In duka biyun sun yi sanyi, abin ya yi tsanani. Maganin gaggawa shi ne a tuɓe masa riga, a bar hula da safa, a kwantar da shi tsakanin nonon uwarsa, fata na taɓa fata, a lulluɓe su tare, a yi ta ba shi nono. Likitoci a birnin Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978 don renon bakwaini, yau kuwa asibitocinmu ma da ita suke aiki. In uwa ta gaji, uba ko kaka suna iya karɓarta.

A fara saƙa tun ana yankan gero

Tun ran gini ran zane. Mace mai ciki wadda haihuwarta za ta faɗo cikin ɗari, ta fara saƙa tun da kaka. Maigida, aikinka ne ka sayo mata ulu da kwarashi ko kibiyoyin saƙa ran kasuwa. Wadda ba ta iya ba ta koya wurin maƙwabciya, hula ba ta da wuyar koyo. A tanadi hula biyu, safa ƙafa biyu da rigar sanyi biyu, don in an wanke ɗaya a sa ɗaya.

Kewayen kan jariri sabon haihuwa kamar inci 13 ne zuwa 14. A saƙa hular ta rufe kunnuwa, amma kada ta sauko kan ido da hanci. Kada a yi mata igiyar ɗaurewa a wuya, kada kuma a maƙala mata maɓalli ko duwatsun ado, gama yaro yana iya tsinkewa ya haɗiye. A sa masa 'yar rigar auduga daga ciki, don ulu yakan yi ƙaiƙayi. A wanke kayan da sabulu, a shanya su a rana su bushe sarai. Rigar da ta jiƙe da fitsari ko tumbuɗi ta fi rashin riga sanyi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da babba ya sa, a ƙara wa jariri riga ɗaya ko biyu a kai. In rana ta take, aka ga yana gumi, a rage masa. Yawan dumbuza kaya shi ma cuta ne.

Ranar tafiya

1. Kada a fita da asuba. A jira hantsi ya dubi ludayi, a kuma koma masauki kafin magariba.

2. In da hali a shiga mota, a zauna inda iska ba ta bugowa. Babur ba abin hawan jariri ba ne. In ya zama tilas, a rufe masa kai da ƙafa, direba kuma ya tafi sannu.

3. A tare masa ƙura da mayafi mara kauri, amma kada a toshe masa fuska. Uwa ta riƙa duba shi a hanya.

4. Nono kaɗai za a ba shi har ya cika wata 6. Ko dangi sun matsa, kada a ɗura masa ruwan randa, ko zuma, ko jiƙo. Nono ya ishe shi ruwa da abinci.

5. Kada a yi ta miƙa shi hannu hannu cikin taro. Mai tari ko mura ya yi masa addu'a daga nesa, mai ɗauka kuma ya wanke hannu. Da rani ne ƙyanda da sanƙarau suka fi yawo.

6. A tafi da gidan sauro da katin rigakafi.

7. A masauki kada a kwana da kaskon garwashi cikin ɗaki a rufe. Iskar gawayi guba ce mara wari, tana kashe mutum cikin barci. Hayaƙin itace kuma yana ɓata huhun yaro. A yi masa wanka da hantsi, da ruwa mai ɗumi, a tsane shi nan da nan.

Gidan farko da za a shiga

Kwana arba'in da biyu shi ne mako 6, ranar da ake yi wa jariri rigakafi na biyu bayan na ranar haihuwa. Saboda haka gidan farko da ya kamata mai jego ta shiga a yawon arba'in shi ne asibiti. Sauran kuwa a mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. In ranar ta same ku a garin baƙunci, ku kai katin asibitin da ke kusa, za a yi masa.

Alamun da ba a jira da su

Ka duba agogo ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya sa'ad da yake kwance shiru. In bai kai wata 2 ba, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, sau 50 ko fiye. Wannan alamar ciwon huhu ce. Haka kuma in ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya motsi. In ka ga ko ɗaya, a bar biki, a bar kunyar surukai, a rungume shi a ƙirji a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Kuɗin ulu bai kai kuɗin magani ba, jinkirin sa'a biyu da safe kuwa ba ya ɓata zumunci. Dangi ɗa mai rai suke so su gani. Allah ya raya mana su, ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.