Bahaushe Ne, Kuma Ran Lahadi Yana Majami'a

Akwai tambayar da kusan duk yaron da ya tashi a gidan Hausawa Kirista sai an yi masa ita kafin ya gama firamare. Wani ɗan ajinsu zai ji Hausarsa tas babu gargada, ya kuma ga ran Lahadi an saka masa kayan ado an nufi majami'a da shi, sai ya ce, "To kai wace ƙabila ce?" In ya ce Bahaushe, a kwashe da dariya, a ce ya je gida ya tambayo dai. In kuma ya girma ya tafi bautar ƙasa a Kudu, ya shiga coci da kaftani da hula, mai tsaron ƙofa ya dinga binsa da ido ke nan har ya zauna. Ta ko'ina ana so ya yi bayanin kansa. Na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma na lura cewa yawan ayoyin da yaro ya haddace ba ya hana wannan tambaya ta girgiza shi. Wanda yake tsayawa da ƙafarsa shi ne wanda aka taɓa zaunar da shi a gida aka gaya masa daga ina ya fito, kuma na wane ne shi.

Abin faɗar kuwa akwai shi. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun farkon ƙarni na 20. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, yake tsaye har yau. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga Wusasar nan Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A makarantarta Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Littafin Jiki Magayi da aka yi ta karantawa a makarantu, John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East. Ga kuma dubban gidajen Maguzawa a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da suka karɓi bishara, ga 'yan'uwa a wajen Maraɗi. Yaron da ya san wannan, ko kaɗan daga ciki, ba ya jin kamar aro aka yi masa Hausar da ya sha a nono.

Sai dai tarihi ƙofa ce kawai. Abin da iyaye Kirista suke nufi in sun ce yaro ya san ko shi wane ne ya wuce batun asali. Suna so ya san Allah ne ya halicce shi cikin kamanninsa, cewa ƙaunar da Allah yake masa ba ta hawa ko sauka da sakamakon jarrabawa, cewa an fanshe shi ta wurin Yesu Almasihu, kuma shi ɗan gida ne cikin ikilisiya, ba baƙo ba. Ɗariku sun bambanta kan yadda ake sa wa wannan hatimi. Katolika da Angilikan da Lutaran suna yi wa jariri baftisma, in ya yi wayo ya shiga aji a tabbatar da shi. ECWA da Baftis da EYN kuwa miƙa jaririn ake yi a gaban jama'a, baftismar sai ya girma ya nema da bakinsa. Amma ko ta wace hanya aka bi, akwai lokacin da uwa da uba suke tsayawa gaban ikilisiya, fasto ya tambaye su ko za su reni yaron nan cikin tsoron Ubangiji, su ce i. Daga nan a koma gida a ci shinkafa, da yawa kuma ba sa sake tunawa da abin da suka amsa.

Abin da ya sa na faɗi haka shi ne lissafin ba ya fita. Maƙwabtanmu Musulmi kusan kullum da yamma yaransu suna Islamiyya, abin da ni kam nake yaba musu. Yaronmu kuwa awa ɗaya ko biyu yake samu a mako, a ajin da yara suka yi wa malama yawa, rabin lokacin ma ya tafi wajen raba faɗa da kai ƙanana bayan gida. In ya yi sa'a akwai taron ƙungiyar yara ta Birget ran Asabar. Wanda ya ce wannan ya isa, yaudarar kansa yake yi. Shi kansa Littafi Mai Tsarki, a Maimaitawar Shari'a sura 6, a wuyan iyaye ya rataya aikin, kuma cikin hidimar yau da kullum ya ce a yi shi. Da manzo Bulus ya tashi yabon bangaskiyar Timoti, sunan kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya kira, bai ambaci wani malami ba.

A gidanmu, muna yara, da asuba ake zaman addu'a. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, a ajin Zumuntar Mata ta koyi karatu, saboda haka da yatsa take bin layi, in ta zo kan suna mai wuya irin su Nebukadnezzar sai ta tsaya ta miƙa wa yayanmu. Littafin Waƙoƙinta bangon ya daɗe da cirewa, da zaren ɗinki ta haɗe shi. Za a rera waƙa ɗaya, kowane yaro ya karanta aya biyu, Baba ya yi tambaya ɗaya tak, sau da yawa ga wanda ya ga yana gyangyaɗi. Duka bai fi minti 15 ba. Wa'azin da aka yi a zaman nan ban riƙe ko ɗaya ba. Abin da ya zauna mini shi ne addu'ar Mama, don sunaye take kira ɗaya bayan ɗaya: mu 'ya'yanta, mai unguwa, matar maƙwabcinmu liman da ke fama da ciwon ƙafa, har da wata facalarta da kowa ya san ba sa ga maciji. Wata rana ƙanwata ta ce, "Mama, ita ma sai an yi mata?" Ta ce, "Ita ce ma ta farko." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta tashi ta hura wuta.

Yau a birni wannan zama yana neman gagara, kuma ba rashin lokaci kaɗai ba ne. Harshe ma ya shiga tsakani. Manyan majami'u da yawa a Kaduna da Kano da Jos sujada biyu suke yi, ta Turanci da ta Hausa, kuma a hankali ta Hausa ta zama ta tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Iyaye suna tura yara ta Turanci don a ce sun waye. Ba ni da faɗa da Turanci, da shi nake cin abinci. Amma na ga jikan da kakarsa ta zo daga ƙauye ta ce, "Zo ka yi mana addu'ar abinci, maigidana," ya tsaya yana kallon uwarsa, don ko Addu'ar Ubangiji bai iya da Hausa ba. Tsohuwar nan ita ce ta san yadda aka kore su daga gidan gado saboda bangaskiya, ita ce ta san wanda ya ba su masauki. In babu harshen da za ta ba shi labarin, da ita za a binne shi. Sannan yaron da bai taɓa jin an yi wa Allah magana da harshen gidansu ba, yaya ba zai yarda da masu ce masa addinin baƙi yake bi ba?

Akwai wata hanya kuma da nake tsoro fiye da sakaci, ita ce a gina yaro a kan tsoro. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 unguwanni suka rabu, har yanzu akwai yaran da suka kai sakandare ba su da aboki ko ɗaya Musulmi, haka ma a wancan ɓangaren. Ban raina abin da mutane suka gani ba, wasu sun binne nasu. Amma in duk abin da yaro ya sani game da kansa shi ne "mu ba su ba ne", to ba a koya masa Almasihu ba, an dai nuna masa abokin gaba. Mu Hausawa Kirista ma ba mu da damar yin wannan, don da wuya ka sami gidanmu da babu baffa ko gwaggo ko kawu Musulmi. Ran Sallah kwano yana shigowa, ran Kirsimeti kwano yana fita (gidaje sun sha bamban kan cin naman layya, kowa da fahimtarsa, amma ban san gidan kirki da yake mayar da kwano ba). Yaro yana bukatar ya iya durƙusawa ya gai da Baffa Alhaji da ladabi, in an tambaye shi abin da ya gaskata ya faɗa a fili ba tare da sunkuyar da kai ba, kuma ba tare da ya taɓa abin da baffan yake girmamawa ba. Wannan a gida ake gwada shi. Ni kan tambayi nawa, "In an ce maka ku alloli uku kuke bauta wa, me za ka ce?" Gara ya fara yin tuntuɓe a gabana, mu gyara tare, da ya ji tambayar karo na farko a filin ƙwallo.

Ana yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masu faɗar haka galibi bulala suke nufi. Ni abin da na gani yana tanƙwara yaro shi ne abin da idonsa ke gani. Uban da yake dattijon ikilisiya, yana karɓar baiko ran Lahadi, amma in mai bin bashi ya yi sallama sai ya raɗa wa yaro, "Je ka ce ba na nan," ya gama wa'azinsa na makon. Haka uwar da ke gaba-gaba a waƙar Zumunta amma 'yar aikinta a kicin take kwana ba bargo. Akasin haka ma gaskiya ne, kuma ya fi ƙarfi. Uban da zai iya kiran ɗansa ya ce, "Jiya na yi maka faɗa ba da laifinka ba, ka yafe mini," ya koya masa tuba da gafara fiye da wata guda na ajin katikisim. A al'adarmu wannan yana da nauyi a bakin babba, na sani.

Sai kuma shekarun da yaro zai fara tambayar da ba ta da daɗin ji. Ya tafi makarantar kwana, ƙila ya shiga ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, ƙila bai shiga ba. Ga waya a hannunsa, cike da masu wa'azin da suke ce masa alamar ɗan Allah ita ce mota da biza, ga masu muhawara da suke ce masa littafinsa an canza shi. A nan iyaye da yawa suke ruɗewa, su ɗauki tambaya a matsayin tawaye, su garzaya da shi ajin baftisma kamar asibiti. Wasu ma ba ruwansu sai aure ya matso, an ce a kawo katin baftisma, sannan a fara roƙon fasto ya gajarta aji. Wani magidanci a majami'armu ɗansa mai shekara 17 ya ce masa bai shirya ba, alhali sa'o'insa duk sun ba da suna. Dattawa suka yi ta yi masa magana, wai abin kunya ne ga mai riƙe da muƙami. Ya ce shi ba zai sa ɗansa ya yi ƙarya a cikin ruwa ba. Abin da ya yi kawai, ya ce kowace Lahadi da yamma su biyu za su karanta sura ɗaya ta Bisharar Markus, yaron ya kawo duk tambayar da ya ga dama, wadda uban bai san amsarta ba su je wurin fasto tare. Markus sura 16 ce. Sun gama ta, sun shiga Yohanna, har yanzu kuma yaron bai ba da sunansa ba.