Nana Asma'u, Malamar da Ta Aika Karatu Ƙauye Cikin Waƙa

A Birnin Kudu da Gwaram, idan la'asar ta yi sanyi za ka ga matan aure sun rataya jakar littattafai, wasu da goyo a baya, sun nufi Islamiyya. Da yawa suna ɗauka cewa zamani ne ya kawo wannan. Alhali kusan shekara 200 da suka wuce wata mace a Sakkwato ta riga ta zauna ta tsara yadda karatu zai iske mace har cikin ɗakinta. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a Ɗagel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara 11 mahaifinta ya yi hijira da jama'arsa zuwa Gudu a 1804, saboda haka yaƙi da yunwa da ƙaura daga sansani zuwa sansani duk da idonta ta gan su, har aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ta haddace Alƙur'ani, ta san Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, kuma tana da kusanci sosai da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta.

Rubuce-rubucenta da suka iso mu sun kai kimanin 60. Abin lura a cikinsu shi ne yadda take zaɓar harshe gwargwadon mai saurare. Idan malamai take nufa sai ta yi Larabci, kamar a Tanbihul Gafilina. Marsiyyoyin da ta yi wa 'yan'uwanta da ƙawayenta, yawancinsu da Fulatanci ne, harshen cikin gida. Hausa kuwa ta talakawa ce, musamman matan karkara da waɗanda yaƙi ya kwaso, waɗanda har lokacin ba su rabu da bori ba. Su ta yi wa Goɗaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama, ta kuma mayar da waƙar mahaifinta Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa. Akwai wata da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin 'yan baitoci, don wadda ba ta iya karatu ba ta riƙe su da ka. A Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta lissafo matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa mata da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sannan ta gangaro kan matan da aka sani a gidan Shehu, don ɗalibarta ta gane cewa nagarta ba ta tsaya a Makka da Basra ba.

Ni a ganina babbar hikimarta tana wajen rarraba waƙoƙin, fiye ma da wajen tsara su. Matar ƙauye mai miji da yara ba za ta baro gida ta zo Sakkwato ba. Sai Nana, wajen 1830, ta fara zaɓo dattijai mata masu amana daga garuruwa, ta koya musu, ta naɗa kowacce jaji, wato jagora, ta aza mata malfa da jan ƙyalle. Malfar nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Nana ta bar wa mata alamar da suka saba girmamawa, ta canja abin da ke ƙarƙashinta. Jaji kan taho wurin Nana da 'yan mata ƙanana da tsofaffi, su ɗauki karatu, su koma su rera wa sauran mata a tsakar gida. Ta haka ake koyon alwala da salla da tarihin Annabi, a kuma ɗora da wankan gawa da duba marar lafiya da sulhunta ma'aurata. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Maryam ɗin, tun kafin nan, ta zauna a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, a zamanin da ƙasar Birnin Kudu da Gwaram take ƙarƙashin Kano. Ƙaninsu Isa kuma ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa.

A Amurka, sa'ad da Nana take da rai, Harriet Beecher Stowe ta fitar da littafinta Uncle Tom's Cabin a 1852, injin ɗab'i ya baza shi ko'ina cikin 'yan watanni. Nana ba ta da injin; alƙalamin kara ne da tawada da bakin mata. Takardunta sun tsira ne domin zuriyarta sun adana su, musamman Waziri Junaidu. Daga wurinsa Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu yawancinsu. Ita da Beverly Mack suka tattara su da fassarar Turanci, Jami'ar Jihar Michigan ta buga a 1997. Daga baya wasu Musulmi baƙar fata a birnin Pittsburgh suka kafa ƙungiyar mata da sunan 'Yan Taru.

Mu a nan sunanta muka fi riƙewa: yana jikin allunan makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai. Tambayi malamar Islamiyya ta kawo baiti ɗaya na Nana, da wuya a dace. Ga shi kuma ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta Hausawa ce da Fulani, harsuna biyun da ta fi rubutu da su. Abin da ake bukata bai wuce ƙaramin littafi mai araha ba, da ajami da boko gefe da gefe, da kuma mata masu murya da za su rera waƙoƙin a naɗa a waya ko a sa a Rediyon Jigawa, tunda dama don kunne aka tsara su.